Bashin Gida, Aikin Gida da Lambun Bayan Gida

Jawabin da wata malamar makarantar firamare ta yi a taron ma'aurata na gundumarmu. Mun buga shi yadda ta faɗa.

 

An ce in yi magana a kan yadda iyali za su riƙe aiki da gida da lambu a lokacin da suke biyan bashin gina gida. Da aka kawo mini saƙon sai na yi dariya, na ce ai kun zaɓi wadda ta faɗi wannan jarrabawa. Daga baya na ga wataƙila dalilin ke nan da aka zaɓe ni. Don haka zan faɗa muku inda na faɗi, da abin da muka gyara ni da baban yara. Yana zaune can baya, ya kuma ba ni izini, sai dai ya ce kada in faɗi nawa muka ci. Na yarda.

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ba abin kunya ba ne mutum ya ci rance don ya sa wa 'ya'yansa rufi a kai. Mu mun yi shekara 11 a gidan haya, ɗaki biyu, da yara huɗu. Fili kuwa muna da shi na gado. Abin da babu shi ne kuɗin bulo da siminti da kwano.

Bari in fara da inda ake samun rancen, gama tun daga nan wahalar wasu take somawa. Ku masu aikin gwamnati, ku duba takardar albashinku. Da yawanku za ku ga haruffa uku, NHF, da ɗan kuɗi a gabansu. Wannan shi ne Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992. Ana cire kashi 2.5 cikin 100 na albashi ana zubawa a ciki, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya kuma shi ne yake riƙe da shi. Wanda ya yi wata 6 yana zubi yana iya neman rance, ruwansa kashi 6 cikin 100 a shekara, biya kuma yana iya kaiwa shekara 30. Da wuya ka sami rance mai sauƙi haka. Amma sukan nemi takardar shaidar mallakar fili ta hukuma. Mu kuwa shaidarmu mai unguwa ne da dattawa da itacen ɗorawar da kakan maigidana ya bari a kan iyaka. Banki ba ya karɓar ɗorawa. Duk da haka ku riƙa adana shaidar zubinku, domin wanda bai ci rancen ba yana da ikon karɓar kuɗinsa idan ya yi ritaya.

Saboda haka yawancinmu ƙungiyar gama kai muke zuwa, ko ƙaramin banki. A nan akwai tambaya ɗaya da ban yi ba, na kuma yi da-na-sani. Idan an ce maka ruwa kashi 10 cikin 100 ne a shekara, ka tambaya, a kan me? A ce ka ci naira miliyan 1 da dubu 200, za ka biya cikin shekara 2. Idan ana lissafin ruwan a kan dukan kuɗin da ka karɓa tun daga farko har ƙarshe, ruwan zai zama naira 240,000, kowane wata kana biyan 60,000. Idan kuwa ana lissafinsa a kan abin da ya rage a kanka bayan kowane biya, ruwan zai tsaya wajen naira 129,000, kana biyan 55,000 da 'yan kai a wata. Dukansu sunansu kashi 10 cikin 100, amma tsakaninsu akwai fiye da naira 110,000. Ku tambaya kafin ku sa hannu. Ku tambaya kuma abin da zai faru idan mai bashin ya rasu ko ya rasa aiki, gama akwai wanda ya tsaya muku, shi ma yana da iyali.

Mun ci rancenmu a farkon 2023. Lissafinmu ya fita daidai a takarda. A ƙarshen watan Mayu na shekarar aka cire tallafin man fetur, lita da take ƙasa da naira 200 ta haura 500 a nan arewa. Kuɗin babur zuwa makaranta ya tashi, kuɗin niƙa ya tashi, komai na kasuwa ya bi. A 2024 tsadar kaya ta wuce kashi 30 cikin 100 a shekara. An ƙara albashi mafi ƙanƙanta daga naira 30,000 zuwa 70,000 a watan Yuli na 2024, amma kafin nan mun riga mun sha wuya. Bashi kuwa ba ruwansa da farashin fetur. Ranar biya ranar biya ce.

To, me na yi? Na yi abin da mata da yawa a nan suke yi. Na ce zan cike ramin da jikina. Na sallami yarinyar da take taya ni wanki. Na daina kai hatsi inji sai ya zama dole. Na kuma share rabin filin bayan gida na dasa tumatir, wai zan sayar in biya bashi da shi. Ƙarfe 4 na asuba nake tashi. In ɗebo ruwa, in hura wuta, in shirya yara, in ba tumatir ruwa, in tafi makaranta in tsaya a gaban yara fiye da 60 har ƙarfe 1 da rabi. In dawo in ɗora tukunya, in koma lambu, in yi wanke-wanke, da dare in zauna da tocila ina duba littattafan yara. Idan na kwanta kuma barci ba ya zuwa, sai lissafi. Za a biya albashi a kan lokaci? Za a yi tantance ma'aikata? Za a tura ni wata makaranta mai nisa?

Tumatir ɗin ya yi kyau a watan Janairu. Da zafi ya shigo a Maris, rijiyarmu ta ja baya, layin burtsatse ya yi tsawo. Na kasa ba shi ruwan da yake so. Rabi ya ƙone. Wata Asabar kuma muka tafi jana'iza, awaki suka sami ƙofa a danga. Ɗan abin da ya tsira na kai kasuwa a lokacin da kowa ya kawo nasa, kwando ba ya da daraja. Ko kuɗin iri da taki ban mayar ba.

Bayan mako biyu na faɗi a cikin aji. Da aka kai ni asibiti aka auna, aka ce hawan jini ne. Kuɗin gado da magani da mota sun cinye biyan wata guda cur. A kan gadon nan na gane abin da nake so ku tafi da shi yau. Bashin gida ba da kuɗi kaɗai ake biyansa ba. Ana biyansa da lokaci, ana biyansa da ƙarfin jiki. Mun zauna mun lissafa naira har kwabo, amma ba wanda ya lissafa awa nawa ke cikin yini, ko bayan wa zai ɗauki kayan.

Da na dawo gida, baban yara ya kawo littafin rubutu na yara mai shafi 40. Muka zauna da dukan yaran, har da ƙaramar. Shafi ɗaya muka rubuta kuɗin da ke shigowa da wanda ke fita. Wannan mun saba. A ɗaya shafin kuma muka rubuta kowane aikin gida, da lokacin da yake ci, da sunan mai yinsa. Ruwa, itace, shara, daka, girki sau biyu, wanke-wanke, wanki, kiwon kaji da awaki, ban ruwa. Da muka gama, sunana ya fito kusan a kowane layi. Maigidana ya daɗe yana kallon shafin bai ce komai ba. Ba mugun mutum ba ne. Bai taɓa ganin abin a rubuce ba ne kawai, ni kuma ban taɓa faɗa ba, ina ganin faɗar gazawa ce.

Iyayena maza, ku yi mini haƙuri in faɗi wannan a gabanku. Gidan da ake ginawa, sunan maigida za a kira shi da shi. Yaran maza su ne za su gaje shi. To, don me nauyin biyansa zai sauka a wuyan mace ita kaɗai, da albashinta da kuma bayanta? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yanzu a gidanmu samarin nan biyu su ke ɗebo ruwa da kura kafin su tafi makaranta, kowa kuma yana wanke kayansa ranar Asabar. Babansu shi ke kawo itace da kai niƙa, tun da yana da babur. Ban ruwan yamma nasa ne. Surukata, Allah ya ƙara mata lafiya, da ta zo ta ga jikanta yana wanke tukunya sai ta riƙe baki. Na ce, Mama, idan ya tafi makarantar kwana ko bautar ƙasa, wa zai wanke masa? Ta ce ita dai ba ta saba gani ba. Ba ta hana ba, ni ma ban ƙara magana ba.

Wasu ayyukan kuma rage su muka yi gaba ɗaya. Miya sau ɗaya nake yi a yini, ta rana ta kai dare. Niƙan mako guda ake yi a tafiya ɗaya. Mun gina murhun laka mai baki biyu a wurin duwatsu uku, itace ya daɗe, hayaƙi ya ragu. Guga kuwa sai kayan aiki da na Lahadi. Ba wanda ya mutu.

A shafin kuɗi ma mun canza abu ɗaya. Maigidana kafinta ne kuma manomi, kuɗinsa yau akwai gobe babu. Nawa albashi ne. Da, duk a tukunya ɗaya muke zubawa, idan ranar biya ta zo a fara neman ciko. Yanzu bashi yana fita daga albashi ranar da ya shigo, kafin a taɓa ko sisi. Abinci kuma daga rumbu da lambu da aikin hannunsa. Ga ma'aunin da zan ba ku: kada biyan wata ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da kuka tabbata yana shigowa. Ban ce abin da kuke sa rai ba. Dokar ƙwadago ta ƙasarmu ma a kashi ɗaya cikin uku ta tsayar da abin da za a iya cirewa daga ladan ma'aikaci a wata. Idan lissafi ya wuce haka, a rage ginin. A rufe ɗaki biyu a shiga, filasta da fenti su jira. Mu har yau falonmu ba silin, muna kuwa barci lafiya a ciki.

Yanzu in koma kan lambu, gama a nan na fi yin kuskure, a nan kuma na fi samun taimako daga baya. Kuskurena shi ne na mai da lambu kasuwanci alhali ba ni da ruwa, ba ni da lokaci. Noman tumatir na sayarwa aikin mai fadama ne wanda zai yini a ciki. Ko su ma ba su tsira ba. Kun tuna 2016, da tsutsar nan da ake kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Kaduna da Kano, har tumatir ya gagari talaka. Mai aikin albashi da ya jingina biyan bashinsa a kan kwandon tumatir ya ɗora gidansa a kan abin da tsutsa za ta iya cinyewa cikin mako guda.

Lambun mai bashi aikinsa ɗaya ne, ya hana kuɗin cefane fita. Nawa yanzu fangali huɗu ne kacal, kowanne faɗin taku ɗaya, tsawon taku uku, yadda hannu zai kai tsakiya ba sai an taka ba. Na sa su kusa da wurin wanke-wanke, ba can ƙarshen fili ba, gama lambun da ke nesa da ƙofar kicin mantawa ake yi da shi. Kafin in shuka ko ƙwaya ɗaya sai da aka gama danga aka sa mata ƙofa mai sakata. Awaki sun koya mini wannan.

Alayyafo shi ne abokin mai sauri, cikin wata guda ka fara tsinka. Ba na shuka shi duka rana ɗaya. Rabin fangali yau, rabi bayan mako biyu, don kada ya zo gaba ɗaya ya tsufa a banza. Kuɓewa takan fara 'ya'ya wajen wata biyu, tana kuma son a riƙa tsinka ta kowane kwana biyu, in ba haka ba ta yi ƙarfi. Yakuwa da rama ba su da rigima. Zogale kuwa reshe na kafa a jikin danga, yanzu shi ne danga shi ne miya. Da damina nakan sa kabewa ta hau rufin kicin. Attaruhu gindi biyar a tsofaffin buhunan siminti ya ishe mu. Tumatir na bar wa masu fadama. Idan ya yi araha nakan saya in yanka in shanya kauɗa, haka ma kuɓewa.

Ruwa shi ne abin da ya kayar da ni da farko, don haka ku ji wannan. Ruwan ɗauraya na kwanoni, da ruwan da aka wanke hatsi ko shinkafa ko ganye, duk a bokiti ɗaya muke tarawa a kai lambu. Wanda ya sha omo da yawa ko bilic ba ma kaiwa. A gindi ake zubawa, ba a kan ganye ba. Kowane fangali kuma a rufe yake da busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi, ƙasa ba ta ganin rana, sai danshi ya daɗe. Da yamma ake ban ruwa ko da sassafe. Kashin kaji taki ne mai kyau, amma ɗanye yana ƙone shuka, sai an tara shi ya yi makonni ya ruɓe. Ƙwari kuwa, nakan daka ganye ko 'ya'yan darbejiya in jiƙa su kwana, in tace in yayyafa. A Maris da Afrilu fangali biyu nake bari su huta. Ba na ƙara yin faɗa da rana.

Dukan aikin bai wuce minti 20 da safe da 20 da yamma ba, na yamman ma ba nawa ba ne. Duk ranar da miya ta fito daga lambu, kuɗin da da zan kai kasuwa nakan jefa shi a gwangwani. Abin da ke cikin gwangwanin nan, tare da akuya ɗaya da muka ware, shi ne biyan wata ɗaya da muke ajiye a gefe. Ba a taɓa shi don biki ko baƙo. Ku da kuka yi aiki a 2015 da 2016 kun tuna yadda jihohi da yawa suka yi watanni ba su biya albashi ba. Abin da ya taɓa faruwa yana iya sake faruwa. Tun da muka tara wannan ajiya barcina ya dawo, fiye da yadda maganin asibiti ya dawo da shi.

Sauran damuwar aiki kuwa na raba ta biyu. Wadda ke hannuna na yi ta. Takardar ɗaukar aiki, ta ƙarin girma, takardun makaranta, duk na yi musu kwafi suna cikin leda ɗaya, ko gobe aka kira tantancewa a shirye nake. Littattafan yara a makaranta nake duba su lokacin tara, ba na ƙara kawo su gida. Wadda ba ta hannuna ba, kamar canjin wurin aiki, na daina kwana da ita. Ban ce ta daina zuwa ba. Idan ta zo nakan tashe shi mu yi magana, maimakon in kwanta ina juyi ni kaɗai. Maganina kuma ina sha, ina zuwa awo kowane wata. Iyayena mata, wadda take yawan ciwon kai ko jiri ta je a auna ta. Hawan jini sau da yawa ba ya ba da sanarwa.

Idan kuma wata ya zo da gaske ba ku da abin biya, ku je wurin shugabannin ƙungiya kafin ranar, ba bayanta ba. Mu mun taɓa zuwa, suka raba mana biyan wata ɗaya a kan watanni uku. Abin da nake roƙonku kada ku yi shi ne cin bashin mai ruwa don biyan na ƙungiya. Wanda ya karɓi naira 50,000 a kan kashi 10 cikin 100 kowane wata, 5,000 zai riƙa bayarwa. A shekara ya ba da 60,000, uwar kuɗin kuma tana nan ba ta motsa ba. Haka nan jinginar da gona. Na san gidaje a gundumar nan da suka sami rufin kwano suka rasa inda za su shuka dawa. Yanzu suna sayen abinci da mudu a cikin sabon gida.

Baba Fasto, saura magana ɗaya, ita kuwa tamu ce a nan cikin ikkilisiya. Ina faɗa da ladabi. A shekarar da na kwanta asibiti, anko uku aka fitar a zumuntarmu. Ga gudummawar gini, ga ta taron gunduma, ga katin biki kusan kowace Asabar, a kira sunanka a lasifika a faɗi abin da ka bayar. Na sayi anko biyu da kuɗin da ban da shi, don kada a ce malama guda ta kasa. Na san ba ni kaɗai ba ce. Taro kuma kusan kowace yamma, wadda ba ta zo ba a ce ta yi sanyi. Ina roƙon shugabanninmu mata mu duba wannan. Zane ɗaya ya isa shekara biyu. Wadda ta ce tana biyan bashi a bana, a karɓi uzurinta ba tare da an bi ta da kallo ba. Ranar Lahadi da yamma kuma a bar iyali su huta. Ni da kaina da wanki nake cika ta, na daina. Kuma tun da muna iya haɗuwa mu yi gayya a gonar ikkilisiya, muna iya yin ta wajen buga bulo ko kafa danga a gidan ɗayanmu, wannan Asabar a nan, mai zuwa a can.

Mu dai saura mana biya 7 mu gama. Idan mun gama, baban yara yana maganar silin, ni kuma ina maganar a yaɓe rijiya a ƙara mata zurfi. Ba mu shirya ba tukuna, littafin nan mai shafi 40 zai raba mu.

Na kawo rassan zogale da ɗan irin alayyafo da na kuɓewa, suna bakin ƙofa a cikin kwali. Kowane gida ya ɗauki reshe biyu da ƙulli ɗaya. Amma wanda bai gama danga ba ya bar irin a aljihu tukuna. Idan akwai tambaya, ina nan.